Tsayin Ikilima

Sunana Sailuba. Gishiri da daddawa nake sayarwa a kasuwar Lafia, kuma ban yi boko ba. Na faɗi wannan da wuri don kada wani ya taso daga baya kamar ya tono wani asiri. Abin da aka yi wa 'yata Ikilima ba sai da boko ake gane shi ba.

Ikilima ita ce ta uku a 'ya'yana. Ta kusa arba'in, tana da miji da yara biyu, kuma tana da jiki. Ba irin jikin da ake yabawa a gidan biki ba, a ce tubarkalla miji yana kula da ita. Wannan ta wuce shi tun haihuwar fari. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, a zaune take salla, ga suga ga hawan jini. Barci ma sai ta jingina da bango, don in ta miƙe a katifa numfashinta ɗaukewa yake yi. Ɗinki take yi a da, ta bari, ƙafar ba ta iya taka keken. Ta sha lemun tsami da ruwan zafi har haƙoranta suka mutu. Ta sha shayin nan da 'yan talla ke yawo da shi a mota da lasifika, bai rage komai ba, sai zaman banɗaki da ya ƙara mata.

Sai aka yi sanarwa a masallatai da coci-coci cewa wasu likitoci baƙi za su sauka a wani asibiti a nan garin, za su yi wa masu ƙiba aiki kyauta. Ba zan kira sunan asibitin ba tukuna. Aikin, yadda aka yi mana bayani, huda ciki ake yi a yanke tumbi a mai da shi ƙarami, mutum ya ci kaɗan ya ƙoshi, jiki ya sauka, sau da yawa suga ma ta lafa. Da farko na ce ba da 'yata ba, wanda ya yi tumbin ya san girman da ya ba shi. Amma ƙanwar mijina suga ce ta ci mata ƙafa har aka yanke, kuma na ga yadda ɗan ƙurji ke daɗewa a ƙafar Ikilima bai warke ba. Na ce to, in dai yanka ne ba makawa, gara tumbi da ƙafa. Mijinta ya yarda. Ita ta riga mu duka yarda.

A sanarwar an ce za a ɗauki hotuna ranar awo. Saboda haka na je gidanta da safe na shirya ta da hannuna. Mace mai jiki ba ta fita da ƙaramin kai, sai ta zama kamar randa da murfin kwalba. An yi mata kitson shuku, na ɗauko shadda mai sitaci na naɗa mata gwaggwaro irin wanda ke tsayawa da kansa, na yafa mata gyale a kai. Ba mu kaɗai ba ne. Da muka isa barandar asibitin, kai ka ce ɗaurin auren 'yar gwamna ake yi. Musulmi da Kirista, kowace ta ɗora abin da wuyanta zai iya ɗauka.

Mutum ɗaya ce ta zo yadda take, Ngumimi, maƙwabciyata a kasuwa. 'Yar Tibi ce, doya take sayarwa, rumfarta na jingine da tawa shekara da shekaru. Ita ma jikin gare ta, kuma gajera ce kamar Ikilima. In suka jeru kafaɗarsu ɗaya, har ana tsokanarsu da 'yan biyu. Daga wajen sauke doya ta taho, kanta a buɗe, gashin a aske kamar yadda take barinsa, jar ƙasa har gwiwar hannu. Na ce mata ko don hoto ai ta ɗaura wani abu. Ta ce ita ba hoto ya kawo ta ba.

Mai awon wani ma'aikacin asibitin ne, Malam Zulkifilu. Ba yaro ba ne, da furfura a gemunsa, kuma irin mutanen nan ne da ba sa ɗaga ido su kalli matar wani. Abu biyu yake aunawa. Mace ta cire takalmi ta hau sikeli, ya faɗi nauyi da ƙarfi wata nas ta rubuta. Sannan ta jingina da wani dogon katako da aka kafa a bango, mai ɗan allo da ake zugowa daga sama har ya sauka a kan mutum. Da aka zo kan Ikilima ya zugo allon yana kallon silin, allon na taɓa gyale ya tsaya, ya janye hannu kamar ya taɓa murfin tukunya. A lokacin na ce a raina wannan mutum ya samu tarbiyya. Na janye wannan maganar.

Nauyin kuwa da kunnena na ji. Ikilima ɗari da sha takwas, Ngumimi ɗari da sha biyar. Ban yi boko ba, amma ban taɓa jin kasuwar da sha biyar ta fi sha takwas ba.

Da aka gama sai aka ce masu bukata sun fi gadaje yawa, don haka likitocin sun sa iyaka. Kowace mace an fitar mata da wata lamba, wadda lambarta ta kai arba'in da biyar za a duba ta don aiki, wadda ba ta kai ba ta riƙa zuwa darasin cin abinci duk mako. Ngumimi ta kai. Ikilima aka ce arba'in da biyu. Na ce a sake dubawa, 'yata ta fi nauyi. Nas ɗin ta ce Mama na'ura ce ta yi lissafi. Na ce a kira mini na'urar. Ta kira ta gaba a layi.

Washegari a kasuwa na faɗa wa Ngumimi abin da ke raina, don ni ba na ajiye magana ta kwana. Na ce babbar nas ɗin wurin, wadda suke kira Sista Winifred, 'yar cocinsu ce, kuma kowa ya san yadda ake yi a garin nan. Ngumimi ta ci gaba da jera doyarta.

"Mama Ikilima, wanda ya auna mu malaminku ne, ba fastonmu ba," in ji ta. "Ni ma na san Ikilima ya fi ni nauyi. Je ki tambaye su, ki bar ni da zafin rana."

Muka daina gaisawa. Da aka kwantar da ita a asibiti ni na riƙa kula mata da rumfa, don doya ba ta yi mini laifi ba, amma ban je duba ta ba.

Tunda an ce Ikilima ba ta kai ba, na ce to za ta kai. Uku kawai ya rage. Na daka sakwara da miyar agushi, na zuba man ja har yana iyo, na kai mata gida. Yarinyar da ta yi watanni tana cin tuwo kamar ana ba ta aro, ta dubi kwanon ta dube ni.

"Iya, so kike in mutu kafin in cancanci magani?"

Yaranta suka cinye. Na ɗauki kwanona na tafi.

Na je asibitin ba sau ɗaya ba. Yau a ce Sista tana tiyata, gobe a ce tana taro, jibi mai gadi ya ce ai ni ba mara lafiya ba ce. Ana cikin haka aka fara yi wa waɗanda aka zaɓa aiki, har aka yi wa Ngumimi. Sai muka ji cewa mata biyu daga cikin zaɓaɓɓun sun tsorata sun gudu, gurbi biyu ya buɗe, kuma daga su likitocin za su tattara kayansu. Na ce wa Ikilima wannan makon tare za mu je darasin abincin.

A barandar nan dai ake yi. Matan da aka ce ba su kai ba suna zaune a benci, sun fi ashirin, kuma har yanzu kowace da ɗaurinta, don ba a san ranar da mai hoto zai dawo ba. Ikilima ma na sake naɗa mata. Sista Winifred na tsaye a gaba da farantin roba, tana nuna musu cewa tuwo kada ya wuce dunƙulen hannu, ganye ya cinye rabin faranti, gishiri kuma a rage. Na bar maganar gishirin ta wuce. Da ta ce akwai mai tambaya, na tashi.

Na ce ni ba ɗaliba ba ce, uwa ce. Na ce mai ɗari da sha biyar tana ciki a kwance an yi mata aiki, mai ɗari da sha takwas tana nan ana koya mata girman tuwo, ina so a gaya mini wanda aka gani da wanda ba a gani ba.

Ba ta yi fushi ba, wannan zan ba ta. Ta ce ba nauyi kaɗai ake dubawa ba, ana haɗa shi da tsayi. Dogo yana da wurin ajiye nauyinsa, gajere ba shi da shi, saboda haka in nauyi ɗaya ne, lambar gajere ta fi hawa. Ta sa aka duba, ta ce Ikilima ta fi Ngumimi tsayi sosai, ta faɗi wasu lambobi.

Na ce ni ban san wannan yaren ba, ta nuna mini a bango.

Ta je wajen katakon ta zuge allon ta tsayar da shi. Na dubi wurin. Na ce a zuriyarmu kaf, daga Awe har nan, babu macen da ta taɓa kaiwa can, mazan ma sai ɗaiɗai. Na ce Ikilima ta tashi. Ta tashi da kyar, ta cire takalmi, ta shiga ƙarƙashin allon. Ya zauna daidai a kan gwaggwaron, kamar don shi aka yi.

Sista ta dubi allon, ta dubi inda goshin Ikilima yake. Tsakaninsu ya fi tafin hannu. Sannan ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Mama, mu shiga ofis mu yi magana, ke da ni da ita."

"A fili aka yi, a fili za a gyara," na ce.

"Mama, don Allah ki shigo ciki."

Ban shiga ba. Na juya wajen matan na ce su buɗe ido su ga aikin asibiti, an auna shadda an rubuta ta a matsayin mutum. Na ce shaddar nan ba ta da suga, ba ta da hawan jini, amma ita ta hana 'yata gado. Na ce a kira mini Malam Zulkifilu ya zo ya gaya mana tun yaushe sitaci ya zama ƙashi. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba sai na maimaita ba.

Ina cikin magana na ga hannuwa suna tashi. Ba tambaya suke son yi ba. Kowace mace a bencin nan ta kai hannu tana taɓa kanta.

Wadda ta fara miƙewa wata ce daga Shabu, Fatimatuzzahra, wadda ɗaurinta ya fi namu hawa, har na so in tambaye ta wanda ya naɗa mata. Ta ce ita ma a sake. Sai wata Rosaline, shugabar zumuntar mata a cocinsu, ta ce ita ma. Kafin Sista ta buɗe baki an yi layi. Aka gungurowo labulen da ake kare gadon mara lafiya aka zagaye katakon, aka kori maza daga barandar, Sista da kanta ta riƙa danna allon har sai ya taɓa ƙoƙon kai. Masu shuku aka ce su kwance, wasu na tsefewa a tsaye, ƙawaye na taya su. Ɗankwalaye suka taru a benci, wasu ko da aka cire su ba su rusuna ba, suna zaune kamar su ma layin suke jira.

Ikilima ta fito arba'in da bakwai. Ta wuce iyakar, ta ma ɗara Ngumimi. Na ce alhamdulillahi, na fara naɗe gyalenta.

Sai Fatimatuzzahra ta fito hamsin. Rosaline arba'in da tara. Wasu biyu ma sun haye, amma suna bayan Ikilima. Gurbi biyu ne. Wannan lissafin ban bukaci na'ura ba.

Aka kira babban likitan baƙin, wani dogo mai sanƙo, yana jin Hausa amma sai an bi shi a hankali. Ya saurari Sista, ya cire tabarau ya goge, ya ce kuskure ne kuma nasu ne. Na ce na ji, to a gyara. Ya ce gurbi biyu ne, kuma ba zai tsallake wadda ta fi bukata ba. Na ce ni na tono maganar, ba don ni ba da duk suna nan suna kallon faranti. Ya ce haka ne, kuma ya gode. Na ce godiya ba ta rage tumbi. Na ce a ƙara gado ɗaya. Ya ce ba gado ba ne matsalar, kayan aikin da suka zo da su a ƙirge suke, kowane mutum da nasa, ba a maimaitawa. Ya ce za su dawo bayan damina, kuma Ikilima ce ta farko, zai rubuta ya sa hannu.

Na ce na ga abin da rubutunsu ya yi da tsayin 'yata. Ni shaidu nake so, masu rai, waɗanda zan iya zuwa gidansu. Musulma ɗaya, Kirista ɗaya, don kada gobe a ce ɓangare ne. Fatimatuzzahra ta ce ta yarda, ta kwatanta mini gidanta a Shabu, tana ta ba Ikilima haƙuri kamar ita ta yi awon. Rosaline ta miƙa kanta, na ce a'a, ban san gidanta ba. Na ce a kai mu wajen Ngumimi.

Sista ta ce mara lafiya tana hutawa. Likitan ya dube ni, ya ce mu je.

Tana kwance da robar ruwa a hannu, fuskarta ta faɗa, ga wani ɗan kofi a gefenta wanda ko mage ba za ta ƙoshi da shi ba. Rabona da yi mata magana tun ranar nan a kasuwa. Na ce sannu. Ta ce yawwa, doyarta fa. Na ce tana nan, wadda ta fara ruɓewa na sayar da arha. Ta ce ta san zan yi haka. Sannan na gaya mata abin da ya kawo mu.

Likitan ya tsaya a ƙarshen gadon ya ce in sun dawo Ikilima ce ta farko. Na ce saura. Yarinyar nan tana bin dokarsu, tana cin ganye kamar akuya. In ta bi ta sauka ƙasa da arba'in da biyar kafin su dawo, za su ce ba ta kai ba. In ta ƙi bi, suga ta kashe ta. Wanne suke so? Ya ce ta ci gaba da bi, ta sha magungunanta, ko lambar ta sauka alkawarin yana nan, in dai gwajin jini da na zuciya sun ba da hanya. Na ce ya sake faɗa, Ngumimi ta lumshe ido a tsakiya. Ya sake faɗa.

"Na ji," in ji Ngumimi. "In ya canza magana, ni zan zauna masa a ƙofa. Amma ya yi sauri, don lokacin ba zan cika ƙofar ba."

A hanyar fita muka tarar da Malam Zulkifilu yana jiranmu a bakin baranda. An riga an gaya masa. Ya ce a yafe masa, shi mutuncin matan mutane yake karewa, bai ga yadda zai ce wa matar aure ta buɗe kai a gaban jama'a ba, kuma bai ga yadda zai danna mata katako a ka ba. Na ce asibitin nan cike yake da mata masu farin kaya, bakinsa ciwo yake yi da bai kira ɗaya ba? Ya ce bai zaci abin zai kai haka ba. Duk wannan bayanin bango yake yi wa. Na ce ya juyo ya dubi wadda ya auna, ko sau ɗaya, ya san tsayinta. Ya juyo, ya kai idonsa daidai kafaɗarta, ya mayar ƙasa. Ikilima ta ce ta yafe. Ni ban ce ba, kuma har yau ban ce ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A dawo kamar yadda aka faɗa, a fara da 'yata. A sa mace a wajen katakon nan, da labule. Wanda duk ya san likitocin nan ya gaya musu shaiduna biyu suna nan da ransu, kuma na san gidajensu. In damina ta wuce ban ga kowa ba, sunan asibitin da na ɓoye zan faɗe shi, a rediyo zan faɗe shi.

Daga baranda zuwa bakin titi ba nisa, amma sai da Ikilima ta huta a hanya, ta dafa katangar masu gadi. Tana dafe da katangar ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"Iya, da kin shiga ofis ɗin da Sista ta ce."

Na ce da na shiga, da an rufe maganar a ciki.

"E," ta ce. "Da an rufe ta da ni a ciki, gurbi ɗaya nawa."

Na ce ta saki katangar mutane mu tafi. Hadari ya haɗo ta wajen Obi, baƙi ƙirin, iska ta fara kwashe ledoji a titi. Ruwan farko na bana ke nan.